Ba Kowane Tabo Ne Kyasbi Ba

Duk mun san yadda ake yi a Ringim idan tabo ya fito a fata: a ce kyasbi ne ko makero, a tafi kemis a sayo man shafawa. Sau da yawa kuma hakan ne. To amma akwai tabon da yake shafe watanni, har shekaru, ana shafa magani bai tafi ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da kan jawo haka shi ne limfoma ta fata.

A darasin Bayoloji mun karanta fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke kare jiki. Wani rukuninsu ana kiransa limfosait, kuma su ne ke taruwa a kaluluwa idan mun ji ciwo. Idan suka lalace suna hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, an sami sankarar da ake kira limfoma. Wani lokaci a fata suke taruwa. Nau'in da ya fi yawa shi ne maikosis fungoidis, wanda likitan Faransa Jean-Louis Alibert ya fara bayyanawa a 1806.

Cutar ba ta da yawa, kuma manya ta fi kamawa. Sai dai a baƙar fata takan zo da tabo mai haske fiye da sauran jiki, kuma irin wannan yana samun yara da matasa. Takan fi son wuraren da rana ba ta taɓawa, kamar cinya, ɗuwawu da ciki, wani lokaci da ƙaiƙayi. Ba a gane ta da ido kawai. Sai likita ya yanki ɗan ƙaramin yanki na fatar an duba a madubin likita, wani lokaci fiye da sau ɗaya.

Tana tafiya a hankali, kuma idan an gano ta da wuri, mutane da dama suna rayuwa shekaru masu yawa cikin ƙoshin lafiya. A farko ana amfani da man da likita ya rubuta, ko a haska fatar da wani haske na musamman. Idan ta yi nisa, sai gashi da na'ura ko magungunan sankara.

Me za mu yi? Tabon da ya ƙi jin magani, mu gaya wa iyayenmu a je Babban Asibitin Ringim. Daga nan za a iya tura mutum asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Mu daina gauraya mayuka, domin suna sauya kamannin tabon, likita ya sha wahalar gane shi. Idan kuma wurin ba ya jin taɓi, a gaggauta, don kuturta ma haka take farawa, kuma tana warkewa da magani.

Limfoma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Kada mu guji abokin ajinmu ko mu tsokane shi saboda tabo. Sai mako mai zuwa.