Haƙƙin Mallakar Fasaha: A Bi Inda Kuɗin Yake Zuwa

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallakar fasaha ta 2022, wadda ta maye gurbin wadda gwamnatin soja ta kafa a 1988. Tsohuwar dokar ta zamanin kaset ce, lokacin da mai satar fasaha sai ya tanadi injin kwafi da shago. Sabuwar ta san da zaman intanet. Ta ba mai haƙƙi damar rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da shafi ya sauke aikin da aka ɗora ba da izini ba, ta kuma ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, ikon toshe shafin da ke cin haƙƙin mutane. Littafi da waƙa suna da kariya tsawon rayuwar mai su da shekara 70 bayan rasuwarsa, fim kuma shekara 50 daga fitowarsa. Doka ce mai kyau. Amma muddin aiwatar da ita ya tsaya a kan kai samame kasuwa da ƙona faya-fayai a gaban 'yan jarida, ko sisi ba za ta sa a aljihun marubuciyar Kano ko mawaƙin Gusau ba.

Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, sana'ar fim ɗin Hausa ta rayu ne a kan sayar da abin da ake riƙewa a hannu, kaset da farko, daga baya faifan CD, kuma dilolin Ƙofar Wambai da na Bata su ne ƙashin bayanta. Wayar hannu ce ta rushe wannan tsari. A bakin kowace tasha za ka tarar da rumfar 'yan tura-tura: saurayi ɗaya da kwamfuta, wayoyin caji jere a kan tebur, janareta na ruri a gefe, mutane na miƙa memori ana zuba musu fina-finai goma a kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. Abin da yake yi ya saɓa wa doka, babu musu. Sai dai irinsa dubbai ne daga Kano har Maraɗi, kuma idan aka kama ɗaya yau, gobe ƙaninsa zai buɗe rumfar. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, shi ne dillalin wannan zamani, shi ke kai fim ƙauyen da babu sinima kuma data ta fi ƙarfin mutanensa. Abin da ya dace da shi lasisi ne: ƙungiyarsu ta biya kuɗi sananne a kan kowane sabon fim, mai rumfa ya rataya takardarsa, wanda ya ƙi shiga tsarin kuma shi hukuma za ta nema.

Babban kuɗin ma a wani wuri yake taruwa. Marubuciya za ta kwana wata shida a kan littafi, ta sa shi a kasuwa ko a zauren WhatsApp na biyan kuɗi, kafin mako ya zagayo wani ya ɗora shi a YouTube. Hoton bangon littafin ne tsaye a allo, murya na karantawa babi bayan babi, talla na katse karatun lokaci zuwa lokaci, kuɗin tallar kuma na shiga asusun mai tashar da dala. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka gidajen rediyo da talabijin ke cika sa'o'insu da waƙoƙi da karatun littattafai, suna sayar da talla a tsakani. Waɗannan suna da adireshi, suna da asusun banki, suna da rajista, don haka bin su ya fi bin yaron tasha sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai ƙungiyoyin da aka amince su karɓi irin wannan kuɗi a madadin masu fasaha, kamar MCSN a fannin waƙa da AVRS a fannin fim, amma harkarsu ta fi karkata Legas, kuma wanda bai yi rajista da su ba da wuya rabo ya same shi.

Wasu za su ce yaɗuwar aiki talla ce, wai satar ce ta sa aka san mawaƙi har ake gayyatarsa biki. Wannan ya yi wa mawaƙin da ke hawa dandamali amfani, amma marubuci ba ya zuwa biki, haka mai tace hoto da wanda ya tsara kiɗa. Kuma ko tallar ce, mai kaya ne ke da ikon cewa a raba kyauta. Wasu kuma na ganin ilimi da hikima ba a killace su, har su jingina maganar da addini. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta duba wannan batu a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, bai halatta a taɓa ta ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce masana'antar kanta ba ta da tsarki: an daɗe ana ɗauko labaran fina-finan Indiya da karin waƙoƙinsu, ana kuma fassara fina-finan waje ana sayarwa ba tare da an nemi masu su ba. Wannan gaskiya ne, kuma doka ɗaya ce ta hau kan kowa. Furodusan da ke son a kare masa fim dole ya yarda a tambaye shi inda ya samo labari. Wannan ma riba ce ga marubutan gida, domin ranar da kwafin labarin Indiya ya zama mai haɗari, ranar za a fara sayen labarin Hausa da daraja.

A nan ne takarda ta zama wajibi. Doka ta ce sayar da haƙƙi, ko ba wani shi kaɗai izinin amfani da aiki, ba ya inganta sai a rubuce. Mu kuwa yawancin cinikinmu na baka ne, an yarda da juna, an biya, an rabu, sai fim ya koma YouTube ko wata tashar ta saye shi rigima ta tashi a kan wa ke da me. Saboda haka aikin farko da ke gaban NCC a Arewa shi ne ta fitar da dokar da Hausa, ta haɗa kai da ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da ƙungiyoyin marubuta a samar da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da kowa zai iya cikewa, a kuma ware jami'in da marubuciya za ta aika wa ƙorafi da Hausa daga wayarta, ya rubuta takardar sauke littafinta daga tashar da ta sace shi.