Bulkan, gunkin da Romawa suka gina wa ɗaki a bayan gari

Duk wanda ya zauna lakkwal ya ji mushe na kiran dutse mai aman wuta da sunan "volcan". Asalin kalmar daga Bulkan ne, gunkin wuta da ƙira na Romawan dā.

A tatsuniyoyinsu, Bulkan maƙeri ne gurgu, ɗan Jufita sarkin gumaka, mijin Benus mai kyawo. Maƙerarsa tana ƙarƙashin dutsen Etna, a tsibirin Sisil na Italiya. In dutsen ya yi ruri ya feso hayaƙi, sai su ce maƙeri na bisa zugazugi. Barorinsa ƙatti ne masu ido guda a goshi, su ke saukar da masaba bisa uwar maƙera suna ƙera wa Jufita aradu. Galibin wannan labari aro ne daga Girkawa, masu kiran nasu maƙerin Hefaistos.

Amma tun fil azal abin da Romawa suka san Bulkan da shi gobara ce, kuma tsoro ne tushen bautarsa. Bitrubiyus, gwanin gini na zamanin sarki Ogustus, ya rubuta cewa a bayan ganuwa ya kamata a gina ɗakin wannan gunki, domin wuta ta nisanci gidaje. Sallarsa kuwa ran 23 ga watan Agusta ake yin ta, lokacin da zafi ya tsananta a Italiya, an gama girbin alkama, cimakar shekara duk tana cikin rumbu. A ranar magidanta kan jefa ƙananan kifaye da ransu cikin wuta, wai ta ci su ta bar mutane.

Shin kifin ya fanshe su? A watan Yuli na shekarar 64 Miladiyya, zamanin sarki Nero, wuta ta tashi daga shagunan da ke daura da babban filin sukuwa na birnin Roma. Kwana 9 tana ci. Cikin unguwanni 14 na birnin, 4 kaɗai suka tsira, 3 suka zama toka. Alhali kuwa tun shekarar 6 Ogustus ya kafa rundunoni 7 na ƴan kashe gobara, masu sintirin dare da guga da gatari. Ba su iya kome ba, sabili da lungunan matsattsu ne karkatattu, benayen katako sun haɗa kai, ga iska na hurawa.

Bayan wannan masifa hanya biyu aka bi. An yi wa Bulkan roƙo, daga baya ma sarki Domisiyan ya gina masa wuraren yanka, inda ake ba shi jan maraƙi da alade kowace shekara. Nero kuma ya yi dokar gini: a faɗaɗa hanyoyi, a ƙayyade tsawon benaye, a yi aiki da dutsen da wuta ba ta ci, kada gida biyu su haɗa bango, kowane mai gida ya ajiye kayan kashe wuta a farfajiyarsa. Yanka ya ƙare a ƙarshen ƙarni na 4, sa'ad da sarki Teyodosiyus ya haramta bautar gumaka. Dokar Nero kuwa har yau irinta ce magina birane ke bi.

Mu da muka ga babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982 mun san abin da lungu matsattse ke jawowa. Kamin wani ya kafa rumfa tsakiyar hanyar kasuwa, ya tuna ta nan ne motar ruwa za ta bi ranar da wuta ta tashi. Rigakafi ya fi magani.