Bayan an tashi lakol a Yelu, wa ke riƙe da yaran?

Duk wanda ya san ƙauyukan Yelu, a gundumar Gaya ta jihar Dosso, ya san yaro ba ya zaman banza bayan an kaɗa ƙararrawar tashi. Ɗa namiji ya nufi fadama ko kiwo, 'ya mace ta ɗauki tiren muruci ko rake ta shiga gari, da maraice kuma duk a haɗu gaban malamin allo. Shi ya sa muke jin dariya idan wani ya zo daga Yamai yana maganar "gidan renon yara" irin na birni. Masu kula da yaran nan suna nan. Abin da babu shi ne wanda zai zauna da ɗan aji uku na firamare (CE1) ya ga ko ya iya haɗa baƙi da wasali, ko ya iya cire bakwai daga goma sha biyar.

Maganin kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 2004 hukumar JICA ta Japan ta fara shirin "Makaranta don kowa" a jihar Tawa, aka riƙa zaɓen kwamitin makaranta ta hanyar ƙuri'a, wato COGES da yanzu ake kira CGDES. Daga baya kwamitocin suka ɗauki wani aiki: a gwada yara, a faɗa wa iyaye sakamakon a bainar jama'a, sannan a tsara darussan ƙari bayan lokacin aji, inda masu sa kai na gari ke zama da yara suna aikin lissafi, kowa daidai matakinsa. Ba gini ake buƙata ba. Inuwar mangwaro da tabarma sun isa, kuma mun fi amincewa da su a kan ajin zana, tun da gobara ta cinye yara a irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi a 2021.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Awannin yamma suna da masu su. Uwar da ke cikin gida da tallan 'yarta take sayen gishiri da sabulu, kuma rufe gadar Gaya da Malanbil ta iyakar Benin a 2023 ya ƙara matse aljihun kowa a yankin. Idan aka tsara darasi ba tare da an tambaye ta ba, maza za su cika tabarma, 'yan mata su ɓace. Haka ma malamin allo: wanda ya nemi ƙwace masa ɗalibai ya faɗi tun bai fara ba. Amma ai makarantar allo tana hutu ran Alhamis. Ga yamma guda da ba sai an yi jayayya da kowa ba.

Muna kira ga hukumar garin Yelu da sufeton makarantun firamare su tara kowane CGDES, da ƙungiyar iyaye mata ta AME, da limamai, kafin a buɗe makarantu a watan Oktoba. A kauce wa ranar kasuwa, a fara da yamma biyu a mako. A sayi alli da fitila mai aiki da hasken rana, a ba mai sa kai ɗan abin goro, ko da buhun hatsi ne bayan kaka. Rajistar masu zuwa darasin kuma a raba ta gida biyu, maza daban mata daban, a karanta ta gaban iyaye ƙarshen kowane wata.