Shafin Mujalla da Matsalar Ɗorewa

A da, shafin intanet na sashe ko na mujallar jami'a yakan rataya ne a wuyan mutum guda, wato ma'aikacin da ya san kalmar sirri. Idan ya tafi ƙaro ilimi ko aka sauya masa wurin aiki, sai shafin ya tsaya cik, wani lokaci ma wa'adin adireshin ya ƙare ba tare da kowa ya lura ba.

Salon da ke tasowa yanzu ya rage wannan dogaro. Manhajar Open Journal Systems, wadda ta fito a 2001, tana raba aiki tsakanin edita da mai tantancewa da mai tsara shafi. Tun 2015 Let's Encrypt ke ba da takardar shaidar tsaro kyauta, ana kuma iya saita ta ta riƙa sabunta kanta. Wannan ci gaba ne, amma ya fi warware matsalar masu fasaha fiye da ta manazarta.

Abin da ya fi shafar manazarcin Hausa shi ne ko maƙalar da ya kafa hujja da ita a bana za ta samu bayan shekara goma. Sauya manhaja ko kamfanin da ke ajiye shafi kan lalata tsofaffin adireshi, ta yadda madogarar kundin digiri za ta kai mai karatu ga shafin da babu komai. Maganin wannan shi ne lambar DOI, wadda Crossref ke yi wa rajista, domin takan bi maƙala duk inda aka mayar da ita, muddin dai an sabunta bayananta.

Akwai kuma batun haruffa masu lanƙwasa, wanda ba kasafai kamfanonin gina shafi ke lura da shi ba. Maƙalu da dama an buga su ne da tsofaffin salon haruffa irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ari gurbin wasu alamomi. Da zarar an ɗora irin wannan rubutu a intanet, sai "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Injin bincike ba zai gano su ba, ko da shafin ya ƙawatu.

Saboda haka, bai dace hukumar editoci ta bar wa sashen kwamfuta wannan hukunci shi kaɗai ba. Ya kamata a mayar da tsofaffin fitowa zuwa tsarin Unicode kafin a ɗora su, a yi rajistar adireshin da sunan jami'a maimakon na wani ma'aikaci, sannan a sanya kuɗin DOI cikin kasafin kowace fitowa kamar yadda ake sanya kuɗin ɗab'i.