Lissafin Jikin Ɗan Adam Ba Ya Buƙatar Ɗakin Gwaji

Malaman kimiyya a sakandaren Shinkafi da Zurmi kan koka da rashin kayan gwaji, kuma kukansu gaskiya ne. Sai dai akwai darasin da alli kaɗai ya ishe shi. A ɗauki mutum mai nauyin kilo 70: kusan kashi 60 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne, wato lita 42. Kowane giram 18 na ruwa yana ɗauke da ƙwayoyi 6 da sifili 23 a bayansa, kowace ƙwaya kuwa zarra uku ce. In aka haɗa da kabon da sauran sinadarai, zarrar jikin tana kaiwa 7 da sifili 27. Cajin ilektiron ɗin da ke cikinta ya haura kulom biliyan uku, alhali saukar aradu guda ba ta cika wuce kulom 20 ba. Ba ma ƙonewa ne saboda cajin furoton ya daidaita shi cif-cif. Fizgar da ƙofar mota ke yi wa hannu lokacin hunturu ɗan gibi ne ƙanƙani a wannan daidaito. Ina roƙon ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda su kai wannan lissafi azuzuwan ƙannensu.