KUƊIN KWASHE SHARA: A TUNA DA 'YAN BOLA-JARI

Tun shekarar 1977 da aka kafa hukumar kwashe shara ta Jihar Ikko, wadda aka sake wa suna LAWMA a 1991, kowace gwamnati ta hau sai ta ware maƙudan kuɗi don tsabtace birnin. Wannan wajibi ne, domin an ƙiyasta Ikko tana fitar da shara kamar ton 13,000 kowace rana. Abin tambaya shi ne, hannun wa kuɗin ke faɗawa?

A 2017 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta danƙa aikin ga kamfanin Visionscape, a farkon 2018 kuma ta hana masu amalanke kwasar shara a unguwanni. Nan da nan bola ta cika tituna, har Majalisar Dokokin jihar ta umurci tsofaffin 'yan kwangila su koma bakin aiki kafin shekarar ta fita. Ashe babbar mota ba ta shiga lungu.

Alhali kuwa duk wanda ya taɓa zuwa jujin Olusosun da ke Ojota ya san masu aikin na gaskiya. 'Yan bola-jari ne, akasarinsu samarin Arewa, waɗanda ke tsince ƙarfe da gwangwani da gorar roba da kwali su sayar wa dillalai a kan sikeli, daga can a kai masana'anta a narke. Duk buhun da suka ɗauke, sun rage wa gwamnati kuɗin mota da na mai. Amma ladansu kullum kora da kamu, ga ciwon ƙirji, ga yankan kwalba.

Gaskiya ne akwai ɓata-gari masu sace wayar lantarki da murfin kwata. Wake ɗaya ke ɓata gari. Maganin wannan shi ne rajista: a ba kowa katin shaida da riga mai lamba, ɓarawo ya rasa inda zai fake.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jiha ta yanke wani kaso daga kuɗin tsabta ta gina rumfunan tantance shara a Agege da Mile 12 da Idi-Araba, ta sa sikelin gaskiya, ta raba safar hannu da takalman roba, ta kuma ba da rancen injin niƙa roba. Hana amfani da mazubin abinci na soso da aka yi a 2024 ya yi kyau, amma gorar ruwa tana nan, kuma sai da hannu ake tsince ta.

Su ma Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan gwangwan akwai jan aiki gabansu. Gwamnati ba ta ba mutum ɗaiɗai kuɗi, ƙungiya mai rajista take saurara. Su tara yaransu, su rubuta sunaye, su kai kukansu Alausa tun ba a gama kasafin baɗi ba.