RA'AYI: Gajiyar Da Barci Ba Ya Maganinta

Daga ranar 1 ga Oktoba, 2025, Ƙungiyar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa, NARD, ta hana mambobinta wuce sa'o'i 24 a jere a bakin aiki. Umarnin ya biyo bayan rasuwar wani matashin likita a Fatakwal, wanda aka ruwaito ya shafe kwana uku yana aiki ba hutu. Matakin ya dace. Sai dai rage sa'o'i jiki kawai yake hutarwa, alhali abin da ke karya ma'aikaci a zuci yake.

A dubi Bauchi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne inda ake garzayawa da wanda ciwonsa ya gagari ƙananan asibitoci, a jihar da ke da ƙananan hukumomi 20, wadda kuma kusan kowane rani take sahun gaba, tare da Ondo da Edo, wajen yawan masu zazzaɓin Lassa. Likita ko ma'aikaciyar jinya a irin wannan wuri na komawa gida da fargabar ko ta kwaso wa 'ya'yanta cuta. Likita ya rubuta magani, yana kallon mahaifin yaro yana juya takardar a hannu domin ba shi da kuɗin saye. Wani lokaci ya zaro daga aljihunsa, wani lokaci ya kawar da kai. Idan rai ya yi halinsa, shi ne zai fito ya faɗa wa dangi, kuma shi ne mafi kusa da fushinsu. Ya san abin da ya kamata a yi, ya iya yin sa, amma ba hali. Wannan ciwon ba ya tafiya don an yi barcin kwana biyu.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan gajiya cikin matsalolin da wurin aiki ke haifarwa, ta kuma ba ta alamomi uku: ƙarewar kuzari, mutuwar zuciya game da aikin, da raguwar ƙwazo. Ta biyun ce mafi haɗari, domin ita ce ke mayar da mai tausayi mai tsawa. Masaniyar halayyar ɗan Adam ta Amurka, Christina Maslach, ta nuna cewa yawan aiki ɗaya ne kawai daga cikin dalilai shida. Sauran su ne rashin ta cewa, rashin sakayya, lalacewar zumunci tsakanin abokan aiki, rashin adalci, da tilasta wa mutum yin abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba.

Ma'aikacin tarayya ba baƙo ba ne ga wannan jerin. Hadimin da wayarsa ba ta kwana, wanda ke rubuta jawabi a yaba wa mai gida, idan aka yi kuskure a ɗora masa, ya san shi. Haka wanda ya ci jarrabawar ƙarin girma aka ce babu gurbi. Kuma al'ada ba ta bar masa ƙofar kuka ba: da ya ce ya gaji, sai a ce ya gode wa Allah da ya sami aiki, a tuna masa haƙuri maganin zaman duniya. Gaskiya ne, amma an daɗe ana fakewa da shi don kada a gyara abin da ke gyaruwa.

Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ne a Jihar Bauchi, kuma shi da bakinsa ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Kowane ɗaya ya bar wa wani nauyinsa, ya kuma bar shi da tambayar ko zamansa wauta ce. Tun yajin aikin Yulin 2023 NARD ke neman a riƙa maye gurbin duk wanda ya tafi nan take. Wannan buƙata ba ta cancanci wani sabon kwamiti ba.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ita ma tana jiran a shigo da ita ofis. Ya kamata Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya wajabta wa kowace ma'aikata samar da mai ba da shawara wanda ma'aikaci zai gani a asirce, tare da rubutaccen tabbacin cewa ziyarar ba za ta shiga fayil ɗinsa ba.